Fom ɗin yana saman bene

Ƙanina birkila ne, ko in ce birkila ne a da. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake bin magina yana kwaɓa musu siminti, har ya kai ana damƙa masa gini tun daga tushe zuwa linta. Wata ranar Laraba, a wani gini da ke hanyar Samaru a nan Zariya, katakon da suka kafa suna takawa ya karye, ya faɗo daga hawa na biyu, bayansa ya daki tarin bulo. Likitoci a asibitin koyarwa na Shika sun yi bakin ƙoƙarinsu, Allah kuma ya yi da sauran shan ruwa a gaba, amma laka ta riga ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Mai ginin ya zo dubiya sau biyu, ya ajiye abin da ya ajiye a ƙarƙashin matashi, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Shi ke nan.

Wanda bai taɓa jinyar irin wannan ba yana zaton ranar sallama daga asibiti ita ce ranar farin ciki. Ranar ce ake fara lissafi. Ga mata, ga 'ya'ya uku, ga haya, ga mutum ɗan shekara talatin da 'yan kai wanda bai taɓa wuni a gida ba, yanzu yana kwance yana ƙirga azarar ɗaki. Ciwon da ya fi cin sa a watannin nan ba na baya ba ne. Ciwon ganin matarsa tana zuwa gidanmu karɓar cefane ne.

Shi ya sa da muka ji a rediyo cewa za a ɗauki masu buƙata ta musamman a koya musu sana'a, har da kayan aiki in sun gama, ban ko bari gari ya gama wayewa ba na tafi ofishin da aka ce. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba mutanen wurin nake nufi ba, kuma na tabbata irinsa suna da yawa. Na hau bene na sami mai fom. Ya ce, "Malam, ai sai mai shi ya zo da kansa, mu gan shi da idonmu." Na ce to. Washegari na ɗauki shatar Keke Napep, muka naɗe keken guragun da muka aro muka tafi. Matakala goma sha wani abu, ƙunci gare ta, ga kwana a tsakiya. Na koma sama na ce, "Ranka ya daɗe, ga shi can a ƙasa, ko za a taimaka a sauko da takardar?" Ya ce ba a fita da fom daga ofis, doka ce. Sai da na roƙi wasu samari biyu suka cicciɓe shi kamar buhun masara, ɗaya a hammata ɗaya a ƙafa, hularsa ta faɗi a kwanar nan mutane suna tsallake ta. Ina jin sa yana cewa a hankali, "Yaya, don Allah mu koma gida."

Da aka zaunar da shi, tambayar farko ita ce wace ƙungiya yake. Ba ya cikin kowace, wata shida ke nan da zamansa gurgu. Ta biyu: wa ya turo shi? Ta uku: cikin ɗinki, haɗa takalmi, saƙa da haɗa sabulu, wanne yake so? Ya ce shi ya iya karanta zanen gini, yana iya duban fili ya faɗi bulo nawa da buhun siminti nawa za su ci, in da za a koya masa yin wannan lissafi da kwamfuta, da ya ci gaba da cin abinci a cikin sana'ar da ya sani. Mai fom ya yi murmushi irin na tausayi ya ce wannan ba ya cikin tsari. Muka zaɓi takalmi. Suna bai fito ba.

Ba don sunan ƙanina bai fito ba nake rubutun nan. Gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa, dole wani ya rasa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda na ga ana tace mutane tun kafin a zo maganar cancanta. Kafin a duba wa ya fi buƙata, matakala ta tace, kuɗin mota ya tace, takardar wani babba ta tace. Wanda ya isa gaban teburin nan ya riga ya fi dubban 'yan'uwansa gata, domin yana da rediyo ko waya, yana da ɗan'uwa mai lafiya da zai bar nemansa na kwana biyu, yana da kuɗin shata. Mu da muke ganin an zalunce mu, a cikin masu gata muke. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

A takarda kam ba mu da matsala. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta yanka tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ga mutum, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara yadda mai keke da makaho za su iya shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. An kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa a 2020, Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021. Duk wanda yake son ya san inda aka kwana, ya ɗauki rana ɗaya ya zaga daga PZ zuwa Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka, ya ƙirga ƙofofin da mai keke zai shiga ba tare da an ɗaga shi ba. Gani ya kori ji.

Mutanen Zariya ba za su manta da watan Yulin 2015 ba, lokacin da bom ya tashi a sakatariyar Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ana tantance ma'aikata. Bayan wannan ne gwamnatin jiha ta hana bara a kan tituna, makafi da guragu da kutare suka fito a Kaduna suna cewa a ba su abin yi kafin a hana su abin da suke yi. Ni ba na goyon bayan bara, kuma na san yawancinsu ma ba son ta suke ba. Amma maganarsu tana kan hanya a wancan lokaci, tana kan hanya yau. Hana bara umarni ne, rana ɗaya ake bayarwa. Sana'a kuwa shekaru take ci, ga jari, ga kasuwa. In ka yi na farko ka bar na biyu, ba ka rage yawan mabarata ba, ka dai kawar da su daga inda idonka zai gan su.

To, su wa ake gani a wajen bikin yaye ɗalibai? Na halarci irin wannan biki ba sau ɗaya ba tun da abin ya shafe ni. Yawanci maza ne, yawanci 'yan gari ne, yawanci waɗanda shan inna ta taɓa tun suna yara, masu ƙarfin hannu da kaifin baki, waɗanda suka san kan ƙungiya suka san wa ake gaisarwa. Ba na yi musu hassada, wallahi sun sha wuya kafin su kai nan, kuma ƙungiyoyinsu ne suka yi ta faɗi-tashi har aka sami dokokin da na ambata. Sai dai naƙasa ba iri ɗaya ba ce. Ina kurman da bai taɓa shiga aji ba, wanda maganar hannu ta gida kaɗai ya sani, ba irin ta makaranta da tafinta ke yi ba, in ma an kawo tafintan? Ina mai farfaɗiya, wanda kowane mai shago ke tsoron ɗauka wai kada ta tashi a gaban kwastoma? Ina wanda ya yi fama da taɓin hankali ya warke, yana shan maganinsa, amma unguwa ta ƙi mantawa? Ina zabiya da ba ya iya wuni a rana, ga raunin gani? Waɗannan ba sa yin kyau a hoto. Keken guragu da keken ɗinki a jere, da babban baƙo yana miƙa takarda, shi ne hoton da ake so a kai Kaduna ko Abuja.

Sai mata. Nan ne abin ya fi muni, kuma nan ne laifin ya fi zama namu. A layinmu akwai wata yarinya, yanzu ta haura ashirin, da ta makance tun tana ƙarama bayan ƙyanda. Na fi shekara goma a layin kafin in san da ita, sai da matata ta shiga gidan barka ta gan ta a ƙuryar ɗaki tana tsinkar zogale, tana yi da sauri fiye da masu ido. Ita ke daka, ita ke wanki, ita ke rainon ƙannenta. Da matata ta yi wa uwar maganar koyon sana'a, sai ta ce, "Haba Maman Abba, wa zai kai ta, wa zai dawo da ita? In wani abu ya same ta a hanya fa, da wane ido za mu dubi mutane?" Tsoron uwar nan ba na banza ba ne, kowa ya san abin da ake yi wa irin waɗannan yara. Amma sakamakonsa shi ne babu wani rajista a duniya da sunanta yake ciki. In an ce an ware wa mata kaso, matan da suka iya fitowa ne za su cinye shi, ita kuwa tana nan da zogalenta.

Haka ƙauye. Cibiyar gwamnati da kowa ya sani ta koyar da naƙasassu sana'a tana Kakuri ne, cikin Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80 daga nan. Mutumin Zariya ma yana jin nisan, balle na ƙauyukan Soba, Kubau, Giwa, Kudan, Ikara ko Makarfi, wanda sai ya hau babur kafin ya ga kwalta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ya zama, mai keke kuwa kuɗin mutum biyu yake biya, wani lokaci uku, don kekensa ma sai an biya masa, in direban ya yarda ya tsaya ke nan. Makaho sai da ɗan jagora, ɗan jagoran kuwa yaro ne da aka cire daga makaranta. Kuma ko an kai ɗan ƙauye birni an koya masa haɗa takalmin zamani, wa zai sayar wa in ya koma garin da kasuwarsa ke ci sau ɗaya a mako?

Wannan ya kawo ni kan sana'o'in nan huɗu da ba sa canzawa. Ban san wanda ya yanke cewa duk mai naƙasa a ƙasar Hausa tela ne ko baduku ko mai sabulu ba. Mutum yana da shekara goma sha biyar na ilimin gini a kansa, ƙafa kawai ya rasa, amma a ce ya zubar da wannan duka ya koma ɗan koyo a sana'ar da kasuwarta ta cika ta batse. Direban da ya rasa hannu ya san hanya, ya san fasinja, ya san lissafin lodi, me zai hana a shirya shi ya riƙe rajistar tasha? Malamin da ido ya tafi bai manta karatunsa ba, abin da yake buƙata waya ce ko kwamfuta mai karanto rubutu da wanda zai nuna masa yadda ake sarrafa ta. Maido da mutum cikin masu nema yana farawa ne da tambayarsa me ya iya, me yake so, me jikinsa zai ɗauka. Mu kuwa mun fara da abin da ke cikin sito.

Ko kayan da ake rabawa, sau nawa ake duban wanda za a ba? Da idona na ga an miƙa wa wanda ƙafafunsa biyu suka shanye keken ɗinki na takawa. Aka tafa, aka ɗauki hoto. A bakin ƙofa kuwa ga dillalai suna jira. Mutane suna cewa, ka gani, ba sa son aiki, an ba su sun sayar. To me zai yi da shi? Ko wanda aka ba daidai da jikinsa, an koya masa wata uku, babu shago, babu kuɗin zare, babu mai kawo ɗinki, ga yunwa a gida. Ba na wanke kowa. Akwai waɗanda sun mayar da shiga shirin tallafi sana'a, suna karɓa nan su karɓa can, akwai kuma masu lafiya garau da ake saƙa sunayensu. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin da ba ya komawa bayan wata shida ya ga ko keken yana juyawa, shi ya koya wa mutane sayarwa.

Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta tanadi magani da diyya da taimakon komawa aiki ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, ta asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, NSITF, da masu ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashi. Doka ce mai kyau. Amma birkila da lebura da ɗan acaba da mai niƙa, waɗanda su ne suka fi karyewa, aikin yini suke yi, babu takarda babu rajista. Wanda ya fi kusa da haɗari shi ya fi nisa da asusun.

Na san abin da za a ce: kuɗi ba su isa ba. Gaskiya ne, kuma ba za su taɓa isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da naƙasa mai tasiri a rayuwarsa, babu gwamnatin da za ta gina cibiyar da za ta ɗauke su. Shi ya sa nake ganin ginin cibiya ba shi ne kan gaba ba. Ƙarancin kuɗi ma shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata a san yadda ake rabo. In tuwo ya yi kaɗan a gida, uwa ta gari ba ta ajiye kwano a tsakar gida ta ce mai ƙarfi ya ci. Tana fara ɗiba wa wanda ba zai iya kokawa ba.

A ganina Zariya tana da abin da ake buƙata a hannu. Garin nan kowane lungu makarantar sana'a ce. Masu ɗinkin hannu na cikin Birni da suke fitar da aska takwas da ake alfahari da ita har wajen ƙasar nan, yawancin aikinsu a zaune ake yi, mata ma a cikin gidajensu suke yi. Ga masu gyaran waya a PZ, ga masu walda, ga masu gyaran babur, ga masu buga takardu a bakin jami'a. Haka kowa ya koyi sana'a a garin nan: a kai ka wajen ubangida. Me zai hana kuɗin da ake kashewa a rumfa da lemo da rigunan biki a biya ubangida a unguwar mai naƙasa, a gyara masa bakin shago, a rage tsawon teburi, a sayi keken hannu ko mai inji maimakon na takawa, a ba ɗan koyon kuɗin abinci, sannan kada a biya ubangidan cikon kuɗinsa sai an ga yaron yana samu? Yarinyar layinmu kuwa mace za a tura mata har ɗaki. Na san wani kurma a PZ da ya koyi gyaran waya ta wannan hanya, ba gwamnati ba ƙungiya, maigidansa ne kawai ya yi haƙuri da shi. Kwastoma yana rubuta matsalar a takarda ko ya nuna, shi kuma ya gyara. Layi ake yi masa, don ba ya surutu ba ya cika kuɗi.

Ga kuma cibiyoyin da wasu jihohin ke sha'awa. Cibiyar binciken fata tana Samaru. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, tana Shika, ita ta fitar da kazar Shika Brown, kiwon kaji kuwa sana'a ce da mace mai naƙasa za ta yi a bayan ɗakinta a ƙauye. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga Jami'ar Ahmadu Bello da malaman gona masu shiga karkara. A Kano, waɗanda shan inna ta taɓa sun haɗa kai suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa. Ba ilimi muka rasa ba. Mun rasa wanda zai ɗauki littafi ya bi gida gida, tare da mai unguwa da ungozoma da ma'aikatan rigakafi. In an iya bin kowane gida a ɗiga wa yaro maganin shan inna har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020, an iya bin gidajen nan a rubuta waɗanda cutar ta riga ta kayar. Sannan a liƙa ƙa'idar zaɓe da sunayen waɗanda aka zaɓa a ƙofar mai unguwa, a karanta a rediyo don makafi. Sarakunan makafi da na guragu da shugabannin ƙungiyoyi a zauna da su, sun san mutanensu, amma kada takardarsu ta zama ita ce ƙofa ɗaya tilo.

Saura mu masu saye. A Saye, nan bayan gari, akwai cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta ta ƙasa. Duk ma'aikacin wurin zai gaya maka kuturta tana warkewa, maganinta kyauta ne, kuma wanda ya fara sha ba ya yaɗa ta. Amma mutum nawa ne cikinmu za su sayi ƙosai a hannun matar da yatsunta suka gutsure, ko da ta warke shekara ashirin? Za mu jefa mata naira hamsin ranar Juma'a mu ji mun yi ibada, amma ba za mu yi ciniki da ita ba. Mun fi son mai naƙasa a matsayin hanyar samun ladanmu a kan mu gan shi abokin ciniki da zai taya mu ce albarka. Alhali kowane ɗan Islamiyya ya san Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, shi ne ladan tare da Bilal, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Madina a hannunsa in zai yi tafiya. Aiki aka ba shi, ba ƙoƙo ba.

Ƙanina yanzu yana wani gidan bulo a hanyar Ɗanmagaji. Wani tsohon abokin aikinsa ne ya ce ya riƙa zuwa yana zama. Da littafi da biro da waya yake aiki: ya ƙirga abin da aka buga, ya rubuta abin da mota ta ɗauka, in mai gini ya zo da zane ya yi masa lissafin bulo da siminti da rodi, har ya gaya masa inda maginin nasa zai cuce shi. Da kansa ya ba yaran wurin umarni suka zuba masa gangara ta siminti a bakin rumfar, ya sa suka fasa ta farko don ta yi tsaye da yawa. Abin da yake samu bai kai rabin na da ba, kwamfutar ma har yau bai taɓa ta ba.

Makon jiya aka sake sanarwa a rediyo cewa fom ya fito. Muna zaune a ƙofar gida bayan magariba, ya ce, "Yaya, in ka bi ta wajen, ka leƙa mana ka ga ko sun sauko da teburin." Ban je ba tukuna.